Hotunan shekara goma sun watsu, waya ta cika: daga ina za a fara?

Ɗalibar Kwamfuta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ake yawan jefowa a zauren nan, kullum sai a amsa ta guntu-guntu a wuce. Yau ina roƙon mu zauna mata sosai. A ɗauka mutum yana da hotuna da bidiyo na shekara goma: wasu a wayar hannunsa, wasu a tsohuwar waya, wasu a memori, wasu a kwamfuta, wasu kuma sun hau Google Photos ko iCloud bai ma san iyakarsu ba. Ga waya tana ta kukan wuri ya ƙare. Daga ina zai fara, kuma wace hanya zai bi ba tare da ya rasa ko hoto ɗaya ba?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, ya ɗauke hannunsa daga gogewa. Yawancin hotunan da ke salwanta ba lalacewar waya ke cinye su ba, mai su ne ke goge su da hannunsa yana ganin ai akwai kwafi a intanet.

Ga inda matsalar take. iCloud Photos madubi ne: abin da ke waya shi ke can, abin da aka cire a nan ya ciru a can. Ka goge hoto a iPhone, ya tafi daga iCloud da iPad da duk na'urar da ke kan wannan asusun. Zai zauna a kwandon shara kwana 30, daga nan shi ke nan. Google Photos kuwa ya danganta da inda ka tsaya ka goge. In a cikin manhajar Google Photos ka goge, ya tafi daga waya da intanet gaba ɗaya, sai dai yana kwana 60 a shara idan ya riga ya hau, kwana 30 idan bai hau ba. In kuwa a galarin wayar ka goge, na cikin waya ne kawai ya tafi.

Wanda ke neman wuri a waya, kada ya zaɓi hotuna ya danna shara. A Google Photos akwai maɓalli na musamman na samar da wuri, wanda ke cire kwafin waya na abin da ya riga ya hau kawai. A iPhone kuma a saitin hotuna akwai zaɓin da ke barin ƙananan kwafi a waya, cikakkun su zauna a iCloud. Amma kafin ya taɓa ko ɗaya, ya buɗe asusun a burauza a kan wata na'ura daban, ya gangara har shekarar farko, ya buɗe bidiyo biyu ko uku ya ga suna tafiya. Sau da yawa waya tana ɗauke da Gmail biyu, hotuna na hawa ɗaya, mai waya yana duba ɗayan. Ko kuma wuri ya cika tun shekara biyu baya, ɗorawa ta tsaya, saƙon gargaɗin ma ba a karanta ba.

Injiniya:
Haka ne malam. Ni a ganina aikin mataki-mataki ne, kuma matakin farko tarawa, ba tsarawa ba. A samo faifan ajiya na waje guda ɗaya, a buɗe folda a sa mata suna Shigowa, a cikinta kowane tushe da foldarsa: wayar yanzu, tsohuwar waya, memori na ɗaya, kwamfuta, da sauransu. A kwafa, kada a yanke. In aka yanke wayar USB ta motsa ana tsakiyar aiki, sai a wayi gari rabi na can rabi na nan, wani fayil ɗin ma ya gutsure.

A Android hotuna ba wuri ɗaya suke ba. Na kyamara suna DCIM, hotunan allo suna Pictures ko DCIM gwargwadon kamfanin wayar, akwai Download, akwai foldar Telegram da ta manhajojin gyaran hoto. Na WhatsApp, tun daga Android 11, sun koma Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media. Hanyar da Android ke magana da kwamfuta ta USB, wato MTP, ba ta da juriya: ka jibga mata fayil dubu goma a tashi ɗaya sai ta sandare. A riƙa ɗauka dubu-dubu, allon waya a buɗe. Bayan an gama a duba adadin fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu. In ba su yi daidai ba, aiki bai ƙare ba.

Mai iPhone ya kula da abu biyu. In ya kunna zaɓin barin ƙananan kwafi, to abin da zai jawo ta USB ba zai cika ba, domin na asali suna iCloud; sai ya sauko da su tukuna, ko ya nemi kwafinsu a shafin privacy.apple.com. Na biyu, a ƙasan saitin hotuna akwai zaɓin yadda ake tura su kwamfuta. In yana kan juyawa da kanta, wayar na juya kowane hoton HEIC, wato tsarin da iPhone ke ajiye hoto, zuwa JPEG a kan hanya, kuma wannan ne ke sa Windows ta riƙa cewa ta daina ganin na'urar. A mayar da shi kan tura na asali.

Batun girman faifai kuma lissafi ne. Hoton megafiksel 12 a JPEG bai cika wuce MB 3 zuwa 4 ba, saboda haka hoto 20,000 kusan GB 70 ne kacal. Bidiyo ne ke cin wuri: minti ɗaya na 4K a iPhone yana cin kimanin MB 170 a firam 30, ya kai MB 400 a firam 60 a daƙiƙa. Awa ɗaya kenan GB 10 zuwa 24. A haɗa jimilla, a sayi faifan da ya ninka ta biyu aƙalla. Kuma kada a yi mamaki in faifan TB 1 ya nuna GB 931 a Windows, bambancin ƙidaya ne, ba cuta ba. A yi masa fomat na exFAT in za a riƙa amfani da shi a Windows da Mac da waya. FAT32 ba ta karɓar fayil da ya haura GB 4, NTFS kuma Mac tana karantawa amma ba ta rubutawa sai da ƙarin manhaja.

Ɗalibar Kwamfuta:
Allah ya saka da alheri. To an tara. Yanzu ga tulin fayil dubu talatin, sunayensu duk IMG kaza. Sai me?

Mai Kyamara:
Sai a yi kwafi na biyu na foldar Shigowa, a ajiye ta farko kada a taɓa ta har aiki ya ƙare. A kan kwafin za a yi tsari.

Tsarin da ke ɗorewa shi ne na kwanan wata. Folda ta shekara, a cikinta foldar wata ko ta abin da ya faru: 2019, sannan 2019-08, ko 2019-08-14 Kammala Karatu. Shekara a gaba, wata a tsakiya, rana a ƙarshe, kuma da sifili a gaban lamba ɗaya. Dalili shi ne kwamfuta tana jera suna harafi bayan harafi. Ka rubuta 24-8-2019 da 2-11-2021, za ta cakuɗa maka su; ka rubuta suna watan da harafi, Agusta ta riga Janairu. Kada a yi folda ta mutum ko ta jigo, irin Yara, Aiki, Tafiya. Hoto ɗaya da yaro a ciki a wurin tafiyar aiki, ina za a sa shi? Nan ne kwafi uku ke haihuwa. Kowane hoto rana ɗaya aka ɗauke shi, saboda haka wuri ɗaya gare shi.

Yanzu abin da ke rikita mutane: kwanan wata iri biyu ne. Akwai na fayil, wanda ke canzawa in an kwafa ko an sauke ko an gyara. Akwai kuma wanda kyamara ta rubuta a cikin cikin hoton, a bayanan da ake kira EXIF, tare da samfurin waya da, in an kunna, wurin da aka ɗauka. Wannan na biyun ne abin dogaro. Wanda ya jera da kwanan fayil zai ga hotunan 2015 sun koma ranar da ya kwafe su.

Ba a yin wannan da hannu. digiKam kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana karanta EXIF ta zuba hotuna a folda-folda. Wanda bai tsoron baƙin allon buga umarni kuwa, ExifTool ta Phil Harvey ta fi komai sauri. Layi ɗaya ne:

exiftool -r "-Directory<DateTimeOriginal" -d "Taska/%Y/%Y-%m" Shigowa

Zai kwashe duk hoton da ke da ranar ɗauka ya kai shi shekararsa da watansa. Wanda ba shi da ita zai bar shi a inda yake, kuma wannan alheri ne, domin abin da ya rage a Shigowa shi ne ainihin aikin da ke jiran ido. In ya tarar da suna iri ɗaya a can ba ya danne shi, ƙorafi yake yi ya wuce. Wannan na da muhimmanci, saboda kyamarori da iPhone suna ƙirga IMG_0001 har 9999 su sake dawowa farko. Hotuna biyu mabambanta, suna ɗaya. Wanda ya ja su cikin folda ɗaya, Windows ta tambaye shi ko a maye gurbi ya ce e, ya kashe ɗaya. Shi ya sa na fi son a sa rana da lokaci a sunan kansa, kamar 2019-08-14_163205.

Bidiyo na da nasa hali: yawanci agogon duniya na UTC ake rubuta masa, ba na inda aka ɗauka ba. Bidiyon da aka ɗauka dab da tsakar dare yana iya faɗawa wata ranar. Ba ɓata ya yi ba, a duba foldar da ke kusa.

Malamar Makaranta:
Ɗan'uwa Mai Kyamara, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Wannan tsari na masu sana'a ne. Mutum nawa ne ke da kwamfuta, balle ya buga layin umarni? Google Photos tana gane fuska, tana gane wuri, tana karanta rubutun da ke cikin hoto. Ka rubuta rasit, ta fito maka da rasit. Ka danna fuskar mahaifiyarka, ga hotunanta na shekara goma a jere. Wace folda ce za ta yi maka wannan? In aka tsananta wa mutane sai su fasa gaba ɗaya, su koma ba tsarin ba ajiyar. Ni shawarata ga mai waya kaɗai: ya kunna ɗorawa ta Wi-Fi, ya zaɓi foldodin da yake so su hau, ya bar manhaja ta yi aikinta.

Mai Kyamara:
Malama, a kan bincike kin fi ni gaskiya, babu foldar da za ta kamo shi. Amma ki duba inda wannan ƙoƙarin yake zaune. Sunayen da kika sa wa fuskoki, albam ɗin da kika haɗa, bayanin da kika rubuta a ƙarƙashin hoto, ranar da kika gyara, duk a rumbun kamfanin suke, ba a cikin hoton ba. Ranar da za ki fita da kayanki ta Google Takeout za ki gani. Za a ba ki fayilolin ZIP, kowane hoto da ɗan fayil ɗin JSON a gefensa ɗauke da waɗannan bayanai, wani lokaci hoton na ZIP ɗaya, JSON ɗinsa na wani. Hoton da ke cikin albam zai fito sau biyu, a foldar shekara da a foldar albam. Kwanan fayil kuma duk ya zama na ranar saukewa. Mahaɗin saukewar ma kusan mako ɗaya yake yi ya mutu.

Sannan sharuɗɗa na canzawa. Daga 2015 Google Photos tana karɓar hotuna kyauta ba iyaka a matsakaicin inganci, ranar 1 ga Yuni 2021 aka rufe wannan ƙofa. Yanzu GB 15 ne, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Tun 2024 ma ajiyar WhatsApp ta Android ta shiga cikin lissafin. In ya cika, ba hotuna kaɗai ke tsayawa ba, imel ma ya daina shigowa. iCloud GB 5 take bayarwa kyauta, OneDrive ma 5. Ba cewa nake a guje su ba. Cewa nake kada su zama su kaɗai.

Malamar Makaranta:
Wannan na karɓa. Amma ka yarda cewa ga wanda ba shi da komai sai waya, rumbun intanet ya fi babu nesa ba kusa ba.

Injiniya:
Ku biyun ba ku saɓa ba sosai. Rumbun intanet na nema da kallo ne na yau da kullum, faifai na mallaka ne. Kuma mai waya kaɗai ba a bar shi a baya ba: yawancin wayoyin yanzu suna karɓar filash ko SSD, wato faifai marar juyawa, kai tsaye ta USB-C, a buɗe manhajar fayiloli a kwafa DCIM. Faifai mai juyawa ne wani lokaci waya ba ta iya ba shi wutar da ta ishe shi.

Abu ɗaya da zan ƙara wa maganar Malama: a duba ingancin da aka zaɓa wajen ɗorawa. Zaɓin tsimin wuri na Google yana rage duk hoton da ya haura megafiksel 16 zuwa 16, bidiyo kuma zuwa 1080p, yana kuma matse su. Ga kallo a waya ba za ka ga bambanci ba. Amma wanda ya ɗauki 4K, ya ɗora a haka, ya danna samar da wuri, to 4K ɗin ta tafi har abada. A fara kwafa na asali a faifai kafin a danna.

Mai Gyaran Waya:
Bari in dawo kan WhatsApp, domin shi ne rabin cunkoson kowace waya. Hoton da ya bi ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, an rage shi zuwa kusan fiksel 1600 a dogon gefe, daga MB 4 ya koma 'yan ɗaruruwan KB, kuma an share masa EXIF. Shi ya sa bayan an gudanar da layin Mai Kyamara, yawancin abin da zai rage a Shigowa masu suna irin IMG-20230415-WA0012 ne. Ranar da ke cikin sunan ta shigowarsa wayar ce, ba ta ɗaukarsa ba. Tsohon hoton 1998 da wani ya turo jiya, jiya zai nuna. Duk da haka ta fi babu, a yi amfani da ita a kai su watansu, waɗanda aka san ainihin lokacinsu a gyara da hannu.

Don haka masu tura wa kansu hoto ta WhatsApp da sunan ajiya su daina. In hoto mai daraja ne, a tura shi a matsayin takarda, wato ta alamar maƙala fayil, yana tafiya yadda yake har GB 2. Zaɓin HD da aka kawo a 2023 ya fi na da, amma shi ma matsewa yake yi.

Maganin cunkoson kuma a saiti yake. A kashe saukewa da kai na hotuna da bidiyo, a kashe bayyanar kayan zauruka a galari, a cire foldar WhatsApp daga jerin abin da ke hawa Google Photos. Wanda ya burge ka, ka ajiye shi da hannunka. A cikin saitin ma'ajiya na WhatsApp akwai jerin fayilolin da suka haura MB 5 da waɗanda aka yi ta turawa, nan ake samun GB da yawa cikin minti kaɗan. Kada a manta da foldar Sent, domin duk abin da ka tura wa wani akwai kwafinsa a ɓoye a can.

Ɗalibar Kwamfuta:
Kwafi-kwafin fa? In an tara daga wuri biyar ai hoto ɗaya zai fito sau huɗu.

Mai Kyamara:
Iri biyu ne, kuma kada a haɗa su. Akwai tagwaye na haƙiƙa, waɗanda kowane bait nasu ɗaya ne ko da suna ya bambanta. Manhaja kamar dupeGuru ko Czkawka tana gano su ta lissafin abin da ke cikin fayil, kuma waɗannan a cire su ba fargaba. Akwai kuma masu kama: na asali da wanda ya dawo ta WhatsApp, ko wanda aka yanke gefensa. Nan ne ake asara. In aka bar manhaja ta zaɓa da kanta a kan wanda ya fi sabunta, ƙaramin za ta riƙe ta jefar da babban, tunda shi ya zo daga baya. A sa mata ƙa'idar riƙe mai yawan fiksel, a kuma duba da ido. Kuma a ce ta kai su wata folda, ba ta goge ba. A bar su wata guda.

Wasu kuma ba kwafi ba ne ko kaɗan. Hoto mai motsi na iPhone fayil biyu ne masu suna ɗaya, HEIC da ɗan MOV na kusan daƙiƙa uku. Kyamara na iya ajiye RAW, wato ɗanyen hoto, da JPEG tare. In aka raba su, an lalata abu. Masu iPhone daga iOS 16 suna da albam na kwafi a cikin manhajar hotuna, yana haɗe su ya riƙe mafi inganci.

Malamar Makaranta:
Ni fa a nan na fi ku zafi. A goge da yawa. An ɗauki hoto goma sha biyar na tsayuwa ɗaya, a riƙe biyu. Hotunan allo, rasit ɗin da aikinsa ya wuce, hoton da ya yi duhu, duk su tafi. Taskar da ba a iya kallonta ba ta amfani kowa. Minti biyar a ƙarshen mako ya isa, kuma a sa alamar zuciya a kan waɗanda suka fi, domin su ne za a nema in an tashi bugawa.

Injiniya:
Na sababbi na yarda, Malama. Na tsofaffi kuwa a yi hattara. Hoton da bai fito da kyau ba yau, wataƙila shi kaɗai ne ke ɗauke da fuskar wani da ba ya raye gobe. Hoto ba ya cin wuri, na riga na kawo lissafin. In gogewa za a yi don wuri, a fara da bidiyo, a jera su daga mafi nauyi.

Yanzu ajiyar kanta. Ƙa'idar da masu harkar suka daɗe a kai ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Misali kwamfuta, faifan waje, da rumbun intanet. Ko faifai biyu, ɗaya a gidan ɗan'uwa, ana musanya su. Faifai biyu a jaka ɗaya da kwamfuta kwafi ɗaya ne a wurin ɓarawo da gobara da ruwa. Kuma faifan ajiya ba ya kwana a jone. Manhajar 'yan garkuwa da fayil in ta shiga kwamfuta tana kulle duk abin da ke maƙale da ita, wutar da ta yi tsalle ma haka.

Kowane nau'i da cutarsa. Faifai mai juyawa ba ya son faɗuwa, musamman yana aiki. In ya fara ƙas-ƙas a kashe shi nan take, kada a yi ta gwadawa. SSD na jure girgiza, amma cajin lantarki yake riƙewa a ƙwayoyinsa, in aka jefa shi a durowa shekaru ba wuta yana iya zubar da bayanai, kuma in zai mutu bai cika yin sallama ba. Filash da memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiyar shekaru ba. Ga kuma na jabu: an rubuta GB 256, cikinsa 16 ne, an yi wa kwakwalwarsa ƙarya. Zai yi ta karɓa, sunaye na bayyana, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa fanko ne. Sai ranar buɗewa a ga hotuna sun zama toka-toka. Kowane sabon memori a gwada shi da H2testw a Windows ko F3 a Mac da Linux kafin a sa masa komai. Suna cika shi su karanta su faɗi gaskiyar girmansa.

Wajen sabunta faifai, FreeFileSync na kwafa abin da ya ƙaru kawai. Amma a kula da yanayin da aka zaɓa. In aka sa ta mai da faifai daidai da kwamfuta sak, duk abin da aka goge bisa kuskure a kwamfuta za ta goge shi a faifai. A zaɓi yanayin ƙari kawai, ko a kunna ajiye tsofaffin da aka cire a wata folda. Sau ɗaya a wata ya wadatar ga yawancin mutane. Sau ɗaya ko biyu a shekara kuma a jona kowane faifai, a buɗe hotuna daga shekaru daban-daban, a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, ba a san ko tana nan ba.

Mai Gyaran Waya:
Akwai asarar da ba ta faifai ba ce, ta mabuɗi ce. Waya ta ɓace, hotuna na nan lafiya a Google, amma mai su bai san kalmar sirrinsa ba domin wani ne ya buɗe masa asusun, layin da aka yi rajista da shi kuma ya daɗe da mutuwa. Yau ɗin nan kowa ya duba lambar waya da imel na farfaɗo da asusunsa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sauke lambobin ko-ta-kwana ya rubuta su a takarda. Tun Disamba 2023 Google na iya share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, saboda haka tsohon Gmail da hotuna ke ciki a riƙa leƙa shi. Kamfanonin biyu kuma suna da hanyar naɗa wanda zai karɓi kayanka bayan rai ya yi halinsa: Google na da saitin asusun da aka daina amfani da shi, Apple ta kawo nata a iOS 15.2. Ba a son maganar, amma iyalai da yawa sun tsaya a gaban wayar da ba mai iya buɗewa.

Hotunan katin shaida, fasfo, katin banki, kada su zauna a tsakiyar galari. A kai su folda mai kulle. Sai dai a sani, abin da ke cikin irin wannan folda ba lallai ya hau intanet ba sai an kunna masa, kuma kwafa ta USB ba ta ganinsa. Kafin a sauya waya a fito da su. Haka memorin da aka rufe da sirrin waya: in aka mayar da wayar kamar sabuwa kafin a warware shi, ko ita kanta ba za ta ƙara karanta shi ba.

Malamar Makaranta:
Da batun wuri. Hoton da aka tura a matsayin takarda ko ta imel yana tafiya da EXIF ɗinsa, har da inda aka tsaya aka ɗauka. In a gida ne, an ba da adireshin gida. Ga taskarka bayanin wuri na da amfani ƙwarai, ga baƙo kuwa a cire shi. Android da iPhone duk suna ba da damar hakan.

Ɗalibar Kwamfuta:
In kuma an riga an goge, shara ma an zubar?

Mai Gyaran Waya:
In a memori ne ko filash ko faifai mai juyawa, akwai fata. A cire shi nan take, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, domin gogewa sunan kawai take cirewa, bayanan na nan har sai sabo ya hau kansu. A sa shi a kwamfuta a gudanar da PhotoRec, a kuma ajiye abin da aka samo a wani faifai daban, ba a kansa ba. Sunaye da foldodi ba za su dawo ba, amma EXIF na ciki, layin Mai Kyamara zai sake jera su. In Windows ta ce a yi fomat kafin a buɗe, a ce a'a.

In a cikin ƙwaƙwalwar waya ne, ƙanwata, gaskiya fata kaɗan ce. Wayoyin yanzu a rufe suke da sirri, ma'ajiyarsu kuma tana share gurbin abin da aka goge da kanta, kamar yadda SSD ke yi. Manhajojin da ke alkawarin dawo da komai yawanci ƙananan hotunan samfoti suke tonowa. Wayar da aka mayar kamar sabuwa kuwa mabuɗin sirrin ne ya tafi, ba mai dawo da shi. Abin da ya fi a nan shi ne a bi waɗanda aka taɓa tura wa, a duba foldar Sent, a duba tsofaffin asusu. Wayar da allonta ne kawai ya mutu, ko ta ƙi caji, kada a bari a yi mata filashin. A gyara allon ko wurin cajin a kwashe kaya tukuna.

Ɗalibar Kwamfuta:
Saura ɗaya. Hotunan takarda na iyaye, da kuma HEIC ɗin nan da wasu kwamfutoci ke ƙin buɗewa, a juya su duka zuwa JPEG?

Mai Kyamara:
HEIC a bar shi yadda yake. Apple ta koma kansa tun iOS 11 a 2017, yana cin kusan rabin wurin JPEG a inganci ɗaya. Windows na buɗe shi in an saka ƙarin HEIF da na HEVC daga shagon Microsoft, digiKam ma na karanta shi. Juyawa na rage inganci, wata manhajar ma ta watsar da EXIF a hanya. In za a ba wani ko za a buga, a juya kwafi, na asali ya zauna.

Na takarda kuma sikana ta fi kyamarar waya. Dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, ya isa in girmansa za a sake bugawa, 600 in ƙarami ne ko ana son faɗaɗa shi. Hoton inci 4 da 6 a 600 yana ba da fiksel 2400 da 3600. A goge gilashin da ƙyalle mai laushi, a kashe gyaran launi na kai-tsaye, a ajiye masu daraja a TIFF. In waya ce kaɗai, PhotoScan ta Google na ɗauka daga kusurwa huɗu ta cire ƙyallin haske. Ko a shimfiɗa hoton kusa da taga, ba fitilar kyamara, waya a miƙe sak a samansa. A ɗauki bayan hoton ma in akwai rubutu ko tambarin mai hoto. Wanda ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi a haka.

Ranar da sikana za ta rubuta ta yau ce, sai a gyara ta a digiKam. In shekara kawai aka sani, a sa 1 ga Janairu na shekarar, a rubuta kimanin a sunan fayil. Sunayen mutanen da ke ciki kuma a rubuta su a filin bayani na cikin fayil ɗin, daga hagu zuwa dama, a kuma kunna wa digiKam saitin rubuta bayanai a cikin hoto, domin in ba a kunna ba a nata rumbun kawai take ajiye su. Wannan aikin a zauna a yi shi da dattawan gida a kusa, su ne suka san waye a tsaye a layin baya.